Kusufin Rana da Husufin Wata: Me Ke Faruwa a Sama, Kuma Me Ya Kamata Mu Faɗa wa Yara?

Shin da gaske rana ce take kama wata? Idan ba ita ba ce, me ke sa wata ya yi jawur a daren sha huɗu, ko gari ya yi duhu da hantsi har kaji su nufi akurki? Ta yaya kuma wasu mutane ke iya faɗin rana da awa da mintin da abin zai faru tun da sauran shekaru, ba tare da sun yi da'awar sanin gaibu ba? Waɗannan tambayoyi sun sake tasowa a ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025, kwanaki kaɗan bayan Maulidi, lokacin da wata ya fito da magariba a kame a ƙasar Hausa. Kafin a yi sallar isha'i saƙonni sun cika WhatsApp da Facebook: wani ya ce alamar tashin ƙiyama ce, wani ya ce a hana masu juna biyu fita tsakar gida, wani kuma ya ce duk ƙaryar Turawa ce aka shirya. Yaran da suka ɗaga kai suka ga abin da idonsu su ne suka fi kowa tambaya, kuma su ne aka fi sallama da amsar da ba ta gamsar ba, ko da tsawa.

Inuwa ce, amma iri biyu

Malamai sun saba kiran na rana kusufi, na wata kuma husufi, ko da yake a bakin jama'a ana musanya su, wasu ma sukan ce rana ko wata ya yi zazzaɓi. Dukansu biyu al'amarin inuwa ne. Tsakanin rana da duniya da wata, rana ce kaɗai take da hasken kanta. Duniya da wata duk aron haskenta suke yi, kuma duk abin da haske ya faɗa a kansa ta gefe guda, to dole ya jefa inuwa ta ɗaya gefen. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, wata kuma yana kewaya duniya, yana komawa kamanninsa na farko bayan kimanin kwana 29 da rabi, wanda shi ya sa watanninmu na Musulunci suke yin 29 ko 30.

Idan wata ya gifta tsakanin rana da duniya, ya tare haskenta, inuwarsa ta sauka a kan wani yanki na duniya, mutanen wannan yanki sun ga kusufin rana. Wannan ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata, a kwanakin da ake cewa wata ya ɓuya. Idan kuwa duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta faɗa a kan wata, shi ne husufin wata, kuma ba ya faruwa sai wata ya cika, wato a tsakiyar watan Musulunci. Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo cewa za a yi husufin wata a daren uku ga wata, ko kusufin rana a ranar goma, ka san bai san abin da yake faɗa ba, kuma yaron da ya iya ƙirga kwanakin wata zai iya kama shi.

Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne yadda ƙaramin abu kamar wata zai rufe rana. Faɗin wata bai wuce kilomita 3,474 ba, alhali faɗin rana ya kusa kilomita miliyan 1.4, wato ta ninka shi wajen sau 400. Sai dai ita ranar tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, shi kuma wata yana tazarar kimanin kilomita 384,400, wanda ke nufin nisanta ma ya ninka nasa wajen sau 400. Ninkin girma da ninkin nisa suka yi daidai, sai ido ya riƙa ganinsu kusan kai ɗaya. Wanda ya taɓa rufe ido ɗaya ya ɗaga babban yatsansa ya ɓoye hasumiyar masallacin Juma'a daga nesa ya riga ya fahimci wannan. Da yake hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba, wani lokaci yana matsowa kusa, wani lokaci yana ja da baya. Idan kusufi ya same shi a nesa, ba ya iya rufe ranar duka, sai a ga zoben haske ya kewaye shi.

Inuwar wata a kan duniya siririya ce. Faɗinta ba ya wuce kilomita 270, sau da yawa ma bai kai haka ba, kuma tana gudu a kan doron ƙasa fiye da kilomita 1,600 cikin awa ɗaya, shi ya sa cikakken duhun ba ya kaiwa minti takwas ko'ina. Kusufin da aka yi ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ya shigo ta gaɓar tekun Ghana, ya ratsa Togo da Benin, ya bi ta Shaki da Gusau da Katsina, ya shiga Nijar ta wajen Maraɗi, ya wuce Chadi da Libiya. Mutanen Gusau da Katsina sun ga dare da hantsi na fiye da minti uku, amma mutanen Kano, da suke kusa, ragowar gefen rana bai ɓace musu ba. Inuwar duniya kuwa babba ce, tana iya haɗiye wata ɗungurungum fiye da awa ɗaya, kuma duk wanda wata ke samansa a lokacin zai gani, ko a Agadas yake ko a Kumasi. Husufin 27 ga Yuli 2018 ya ɗauki awa ɗaya da minti 43, shi ne mafi tsawo a wannan ƙarni.

Jan da wata ke yi shi ne abin da ya fi firgita mutane, alhali dalilinsa ɗaya ne da dalilin da ke sa rana ta yi ja gab da faɗuwarta. Hasken rana haɗaɗɗun launuka ne. Idan ya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, iskar takan warwatsa shuɗin launi, ta bar jan ya wuce, ta kuma lanƙwasa shi zuwa cikin inuwar, sai ya sauka a kan wata. Yawan ƙura da hayaƙin da ke sama shi ke sa jan ya yi haske ko ya yi duhu: bayan aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, husufin da aka yi a Disamba 1992 ya yi duhun da da ƙyar ake gane inda wata yake.

Me ya sa ba a yi kowane wata?

Yaro mai kaifin basira zai ce, tunda wata yana giftawa tsakaninmu da rana kowane ƙarshen wata, ai kamata ya yi a yi kusufi sau goma sha biyu a shekara. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce hanyar wata ta ɗan karkace daga hanyar da ake ganin rana tana bi, da kimanin digiri biyar. Wannan 'yar karkata ta isa ta sa a yawancin watanni inuwar ta wuce ta sama ko ta ƙasa ba tare da ta taɓa kowa ba. Hanyoyin biyu suna gittawa ne a wurare biyu kacal, kuma sai cikar wata ko ɓuyansa ya dace da isowarsa ɗaya daga cikin mahaɗan nan sannan a sami kusufi ko husufi. Damar tana zagayowa kusan kowane wata shida, shi ya sa a shekara guda ba a kasa samun huɗu a faɗin duniya, ba a kuma wuce bakwai, ko da yake wasunsu ba su da ƙarfin da mai kallo zai lura, wasu kuma a tsakiyar teku suke ƙarewa.

A nan ne ya kamata a yi wa kakanninmu adalci. Bayanin da tsofaffi ke bai wa jikokinsu shi ne wata ya ɓata hanya ya bi ta hanyar rana, shi ya sa ta kama shi. Rana ba ta kama komai, amma batun haɗuwar hanyoyi biyu shi ne ainihin ƙashin bayan lissafin, kuma malamin firamare da ya fara daga wannan labari ya gyara shi zai fi saurin shiga kan ɗalibansa fiye da wanda ya fara da cewa abin da aka faɗa musu a gida jahilci ne.

Lissafi ne ko da'awar sanin gaibu?

Wannan ita ce gardamar da ta fi zafi a duk lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, wato NASRDA, ko takwararta ta Amurka ta fitar da sanarwa. Akwai masu ganin cewa faɗin lokacin kusufi kafin ya zo shisshigi ne a cikin abin da Allah kaɗai Ya sani. Akwai kuma waɗanda suka ɗan taɓa boko, masu ganin cewa tunda an san dalili kuma an san lokaci, to salla da addu'a a kansa ragowar tsoron mutanen da ne. A ganina duk ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Lissafin kusufi ya girmi Turawan zamani nesa ba kusa ba. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suke gani a sama a kan allunan yumɓu tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har suka gano cewa kusufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kimanin awa takwas. Ana iya gwada wannan da abin da muka gani da idonmu: a ɗora wannan adadi a kan 29 ga Maris 2006, sai a faɗa kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da aka yi cikakken kusufi a Meziko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan na ƙari su ne suka ba duniya damar juyawa kashi ɗaya bisa uku, shi ya sa inuwar da ta bi ta Katsina ta koma can yamma. Masanan Musulmi ma sun ba da gudummawa mai yawa. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a 929, ya nuna cewa nisan rana da girman da ake ganinta da shi suna canjawa, don haka kusufi mai zobe yana yiwuwa. Ibn Yunus kuma ya auna kusufin 977 da na 978 a Alƙahira da irin ƙwarewar da ta sa masana suka ci gaba da amfani da alƙalumansa bayan ɗaruruwan shekaru.

Alƙur'ani da kansa ya faɗa a aya ta biyar ta Suratur Rahman cewa rana da wata suna tafiya ne bisa lissafi, kuma manyan malamai irin su Ibn Taimiyya sun bayyana cewa sanin lokacin kusufi ta hanyar lissafi ba ya cikin sanin gaibu, kamar yadda sanin cewa wata zai cika a daren sha huɗu ba gaibu ba ne. Abin da Musulunci ya rushe shi ne ɗaura kusufi a kan mutuwar wani ko haihuwarsa. A shekara ta goma bayan hijira rana ta yi kusufi a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwarsa ce. Annabi (SAW) bai bar maganar ta kwana ba, duk da cewa ɗaukaka ɗansa take yi: ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma yi umarni da salla da addu'a da sadaka idan an gan su. Masu lissafin falaki sun koma baya sun sami kusufin da ya dace da wannan a ranar 27 ga Janairu 632.

Ga masu ganin sanin dalili ya kore ibada kuwa, sai a tuna musu cewa an san lokacin faɗuwar rana ta kowace rana har zuwa minti, ana ma buga shi a kalanda, kuma wannan bai hana kowa sallar magariba ba. Malamai dai sun ɗaura sallar a kan gani da ido, ba a kan sanarwa ba: idan hadari ya rufe sama ko kuma abin bai kai garinku ba, babu salla a kanku. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yawa a ƙasar Hausa, sallar kusufin rana sunna ce mai ƙarfi da ake yi cikin jam'i, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama. Ta husufin wata kuwa nafila ce da kowa ke yi shi kaɗai, raka'a bibbiyu. Wasu mazhabobin suna yin jam'i a duka biyun, shi ya sa a unguwa ɗaya za ka ji wani masallaci ya tara jama'a a daren husufi, wani kuma bai tara ba, kuma babu wanda ya ƙirƙiro nasa a cikinsu.

Ba mu kaɗai ne muka buga gwangwani ba

A garuruwa da ƙauyukan Hausa da dama, da zarar wata ya kamu sai yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni da ganguna, suna zaga unguwa suna roƙon rana ta saki wata. Wanda ya ɗauka wannan abin kunya ne na mutanenmu kaɗai bai san duniya ba. Mutanen Sin na da sun yi imani cewa wani ƙaton dodo ne ke haɗiye rana, su ma da ganguna da ƙarar tukwane suke korarsa. A Indiya ana danganta abin da wani aljani mai suna Rahu, har yau kuma akwai gidajen da ba a girki ko cin abinci sai an saki ranar. Mutanen arewacin Turai na zamanin da sun ce kyarketai ne ke bin rana da wata da gudu. Al'ummar Batammariba ta arewacin Togo da Benin kuwa sun ɗauke shi a matsayin faɗa tsakanin rana da wata, kuma hanyar raba su ita ce mutane su sasanta rigingimun da ke tsakaninsu, wanda a cikin duk bayanan gargajiyar nan shi ne wanda na ga ya fi amfanar masu shi. Abin da ya sa irin waɗannan al'adu suka daɗe a fili yake: duk lokacin da aka buga ganga, watan yakan saku, don haka ba a taɓa samun ranar da maganin ya ƙi ci ba.

Sai dai rashin sanin dalili ba kullum yake tsayawa a wasan yara ba. A 1503 jiragen ruwan Kolumbus, Baturen nan da ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, sun lalace a tsibirin Jamaika, a farkon 1504 kuma mutanen wurin suka daina kawo masa abinci saboda irin cutar da mutanensa ke yi musu. Yana da littafin lissafin taurari da ya nuna masa za a yi husufi, sai ya tara shugabanninsu ya ce Ubangijinsa Ya yi fushi da su, zai kuma ɗauke musu wata a daren. Da wata ya yi ja, suka zo suna roƙo da kayan abinci a ka. Na kusa da mu ya fi wannan ciwo: a daren husufin Janairu 2001, gungun matasa a Maiduguri sun afka wa otal-otal da mashaya suna ƙonawa, bisa cewa zunubin da ake aikatawa a wuraren ne ya jawo abin. Husufin nan an gan shi a Makka da Madina da Landan a dare ɗaya, kuma an san da zuwansa tun kafin a haifi waɗanda suka ɗauki ashana.

Masana kuwa sun mai da kusufi ɗakin gwaji, kuma Afirka ta sha karɓar baƙuncinsu. A tsibirin Principe da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, masanin taurari ɗan Birtaniya Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari a lokacin kusufin 29 ga Mayu 1919, waɗanda suka goyi bayan hasashen masanin kimiyya Albert Einstein cewa haske yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana. A ranar 30 ga Yuni 1973 kuma jirgin sama samfurin Concorde ya bi inuwar wata a saman Sahara, ya zauna a cikinta minti 74, sannan ya sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

Inda haɗarin gaske yake

Husufin wata ba ya cutar da kowa. Ana iya kallonsa da ido tsirara tun daga farkonsa har ƙarshensa, yaro da babba, mai ciki da mai goyo. Babu wani sabon haske ko guba da ke saukowa daga sama a lokacin kusufi ko husufi, abincin da aka bari a buɗe ba ya lalacewa saboda shi, babu dalilin kashe waya, kuma inuwar wata ba ta da hanyar da za ta bi ta taɓa ɗan da ke cikin mahaifa. Mace mai juna biyu da ta zauna a ɗaki ba ta yi asarar komai ba sai kallo, amma wadda aka tsorata har ta fasa zuwa awo, ko aka ɗora mata laifi daga baya don an haifi yaro da wata tawaya, an zalunce ta.

Haɗarin yana wuri ɗaya ne, shi ne kallon rana. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani wanda hoton duk abin da muke gani ke sauka a kansa, kuma gaban idon yana tattara haske ne ya tsuke shi a kan wannan tantani. A ranar da ba kusufi, ƙarfin hasken rana da kansa yake sa mutum ya runtse ido ya kau da kai. A lokacin kusufi kuwa hasken ya ragu yadda za a iya daurewa a ƙura ido, alhali ɗan gefen ranar da ya rage yana da zafin da zai lalata tantanin cikin ƙasa da minti ɗaya. Abin da ya sa ya zama mugun tarko shi ne wannan tantani ba shi da jijiyoyin jin zafi. Yaro zai kalla ya koma wasansa lafiya ƙalau, sai bayan wasu awoyi ko washegari ya ce yana ganin wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, ko layin rubutu ya karkace masa. Wasu suna samun sauƙi cikin watanni, wasu kuma tabon ya zauna ke nan, kuma babu wani tabbataccen magani da likitocin ido ke da shi na mai da abin da ya ƙone. Yara sun fi shiga haɗari saboda idonsu ya fi na manya barin haske ya wuce, ga kuma ƙarfin hali irin na ƙuruciya.

Dabarun da aka saba da su a unguwanni yawancinsu ba su tsare komai. Baƙin tabarau na kasuwa, ko an jera uku, ba ya wadatarwa. Haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, da baƙar leda. Kallon rana a cikin ruwan da aka zuba a baho ko ƙwarya, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne hanyar hankali, yana rage hasken ne kawai, bai kai ya zama aminci ba. Mafi muni shi ne leƙa ta ta madubin hangen nesa ba tare da matacin da aka yi don haka ba. Abin da ke tsare ido shi ne tabarau na musamman na kallon kusufi mai ɗauke da lambar inganci ISO 12312-2, wanda idan ka saka shi ba ka ganin komai sai ranar kaɗai, ko kuma gilashin masu walda mai lamba 14, ba kowane gilashin walda ba.

Hanyar da ta fi sauƙi ba ta buƙatar ko kwabo. A huda kwali da allura, yaro ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya bi ta hudar ya sauka a kan farar takarda. Hoton ranar ne zai fito, da gefenta a gutsure. Matsamin mai ƙosai ma yana yin aikin, kowace huda da nata hoton. Wanda ya tsaya ƙarƙashin darbejiya a irin wannan lokaci ya dubi ƙasa zai ga ɗigon hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye, waɗanda kullum suke zagayayyu, duk sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a kan yashi da jikin katanga.

Me ya sa kaji ke shiga akurki?

Dabbobi ba su da kalanda, da haske da zafi suke gane lokaci. Idan cikakken kusufi ya zo, haske ya dushe, iska ta ɗan yi sanyi, sai masu yawon rana su ɗauka magariba ta yi: kaji su nufi makwancinsu, tsuntsaye su koma bishiya su yi tsit, shanu su juya wajen garke. Masu yawon dare kuma su farka, gyare ya fara kuka, jemagu su fara fitowa. Da haske ya dawo bayan 'yan mintoci, zakaru sukan yi cara kamar asuba ce. Masu bincike a Amurka da suka dasa na'urorin ɗaukar sauti a cikin furanni a kusufin 2017 sun tarar da cewa ƙudan zuma sun ci gaba da shawagi har lokacin da duhu ya cika, sannan suka yi shiru kusan gaba ɗaya. Babu wata shaida cewa dabbobi suna hango wata masifa. Ruɗewa ce ta ɗan lokaci, kuma abu ne da ɗalibai za su iya lura da shi su rubuta da kansu, wani ya tsaya wajen akurki, wani wajen turken awaki, wani riƙe da ma'aunin zafi.

Abin da ke tafe

A ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, a ƙarshen watan Safar, za a yi cikakken kusufin rana da zai bi ta kudancin Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, ya taɓa kusurwar arewa maso gabashin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya ya rufe Jidda da Makka, sannan ya wuce Yaman da Somaliya. A kusa da Luksor ta Masar duhun zai haura minti shida. Masu Umara a wannan rana za su ga taurari da rana tsaka a saman Ka'aba, kuma ba sai an faɗa ba, hotunan da za su fito daga can za su zo da fassarori iri-iri a wayoyinmu. Gara limamai da malaman makaranta su riga masu jita-jita yin bayani. Bayan shi, a ranar Litinin 20 ga Maris 2034, inuwar za ta dawo Najeriya, ta shigo ta Legas da birnin Benin, ta ratsa zuwa Kamaru da Chadi da Sudan.

Abin da makaranta ke buƙata don shiri bai taka kara ya karya ba: tocila a madadin rana, ƙwallo a madadin duniya, lemon tsami a madadin wata, da ɗaki mai duhu, sai yara su riƙa jera su da hannunsu har su ga inda inuwa ke faɗawa da inda take kuskurewa. Ga na 2027, arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba sa kan layin cikakken duhu, wani ɓangare na rana ne kawai zai rufe da hantsi, idan ma hadarin Agusta ya bari an gani. Ma'anar wannan ita ce a ƙasar Hausa babu ko daƙiƙa ɗaya a wannan rana da za a iya kallon rana da ido tsirara, don haka iyaye da malamai su tanadi kwali da allura, kuma kada a bar yara ƙanana a waje ba tare da babba a kusa ba har sai an saki ranar.